Hotunan Rada Daga Sama: Yadda Ake Bambanta Kurmi Da Gona, Da Abin Da Ya Shafi Fataken Agege

LEGAS — Dokar da Tarayyar Turai ta zartar a shekarar 2023, wadda ta haramta shigar da amfanin gonar da aka noma a filin da aka sare wa kurmi, ta jawo hotunan tauraron ɗan'adam cikin harkar ciniki kai tsaye. Daga ranar da dokar za ta fara aiki, mai sayen koko ko katako ko roba a Turai zai nemi sanin ainihin filin da kayan suka fito, sa'an nan ya duba hoton wannan fili daga sama, ya ga ko kurmi ne a ƙarshen shekarar 2020 ko kuwa gona ce tun da can. A kudancin Nijeriya, inda gajimare ke rufe sama a yawancin watannin shekara, babban abin dogaro wajen wannan dubawa shi ne na'urar rada. Saboda haka ya kamata 'yan kasuwa, musamman Hausawan Agege da Shagamu da sauran zangunan Kurmi waɗanda abincinsu ke rataye da itatuwan wannan yanki, su san yadda na'urar ke gani, da inda take dacewa, da kuma inda take yin kuskure.

Agege da itatuwan Kurmi

Zaman Hausawa a Agege ya samo asali ne daga goro da jirgin ƙasa. Shekaru aru-aru fatake suna zuwa Gwanja, a arewacin ƙasar Ghana ta yanzu, su ɗauko goro a kan jakuna zuwa Kano da Sakkwato da Katsina. A farkon ƙarni na 20 hanya ta sauya, inda manyan fatake irin su Alhassan Ɗantata suka riƙa ɗauko goro ta jirgin ruwa zuwa Ikko. Layin dogo daga Legas ya isa Ibadan a 1901, jirgin ƙasa kuma ya fara isa Kano a 1911, sai goro ya samu hanyar da ta fi sauri. A daidai wannan lokaci manoman Agege da Ifako, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a 1907 da J.K. Coker cikin jigoginta, suna ta dasa koko, suna kuma dasa goron nan irin na Gwanja. Tashar jirgin ƙasa ta Agege ta zama matattarar masu saye da masu ɗauri da masu lodi, unguwar Hausawa ta kafu ta bunƙasa.

A yau gine-gine sun cinye gonakin Agege, goro ya koma fitowa daga jihohin Ogun da Ondo da Osun da Ekiti. Amma alaƙar tana nan. Manomin da ke sayar wa bafatake goro sau da yawa shi ne mai koko, kuma a gona ɗaya yake renon su, goro na sama yana yi wa koko inuwa. Motar da ta sauke shanu a mayankar Oko-Oba tana iya komawa Arewa da goro ko manja ko katako. Duk abin da ya taɓa kuɗin shigar manomin koko, ko ya sa ya sare tsofaffin itatuwan gonarsa, zai iso kasuwar goro ko ba daɗe ko ba jima.

Dalilin da ya sa aka koma ga rada

Taurarin da ke ɗaukar hoto da hasken rana, irin su Landsat na Amurka da NigeriaSat-1 da Nijeriya ta harba a 2003, da NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X na 2011, suna aiki ne kamar kyamara. Idan gajimare ya shiga tsakani ko hazon hunturu ya yi kauri, hoton ba ya da amfani. Ita kuwa rada da fitilarta take tafe. Tana aiko da igiyoyin rediyo ƙasa a karkace, sa'an nan ta saurari abin da ya dawo mata, ta auna ƙarfinsa. Waɗannan igiyoyi suna ratsa gajimare da hazo da hayaƙi, kuma dare da rana duk ɗaya ne a wurinsu.

Nijeriya ta daɗe da sanin wannan fa'ida. A shekarun 1976 da 1977, a ƙarƙashin shirin da aka kira NIRAD, Sashen Gandun Daji na Tarayya ya sa kamfanin Motorola na Amurka ya kewaye ƙasar baki ɗaya da jirgin sama mai ɗauke da rada, kamfanin Hunting Technical Services na Ingila kuma ya fassara hotunan zuwa taswirorin tsirrai da amfanin ƙasa. A tsakiyar shekarun 1990, da tallafin Bankin Duniya, sashen FORMECU ya sake yin taswirar ƙasar domin kwatanta yadda take a 1993 zuwa 1995 da yadda take a 1976 zuwa 1978. To, amma radar wancan zamani da fuska ɗaya take kallo, hotonta fari da baƙi ne, kuma aikin ya dogara ƙwarai ga idon mai fassara. Abin da ya sauya al'amarin shi ne rada mai fuskoki da yawa.

Tsaye da kwance

Idan aka ɗaure igiya a turke, mutum ya riƙe ɗaya bakin, yana iya kaɗa ta sama da ƙasa, yana kuma iya kaɗa ta hagu da dama. Haka igiyar rediyo take: ana iya aika ta tana kaɗawa a tsaye, ana iya aika ta tana kaɗawa a kwance. Masana suna yi wa ta kwance alama da harafin H, ta tsaye kuma da harafin V. Na'urar da ta aika a kwance ta saurara a kwance, ma'auninta shi ne HH. Idan ta aika a kwance ta saurari abin da ya dawo a tsaye, wannan shi ne HV. Haka kuma akwai VV da VH. Na'urar da ke auna dukkan huɗun ita ce cikakkiya, wadda ke auna biyu kawai kuwa ita ta fi yawa a aikin yau da kullum, domin ta fi ɗaukar fili mai faɗi.

Amfanin wannan shi ne, kowane irin wuri da yadda yake mayar da igiyar. A 1998 masana biyu na hukumar NASA, Anthony Freeman da Stephen Durden, suka bayyana hanyar raba abin da ya dawo zuwa kashi uku, kuma har yanzu ana aiki da ita. Kashi na farko shi ne dawowa daga fili: igiyar ta bugi ƙasa sau ɗaya ta tashi. Gonar da aka share da fako da makiyaya suna mayar da kaɗan, kuma yadda aka aika haka yake dawowa, na kwance a kwance, na tsaye a tsaye. Ruwa mai kwanciya kuwa kamar madubi yake, yana kautar da igiyar gaba, sai ya fito baƙi ƙirin. Kashi na biyu shi ne bugu biyu: igiyar ta bugi ƙasa, ta bugi bango, ta komo inda ta fito da ƙarfi. Wannan halin gine-gine ne, da kuma itatuwan da ke tsaye cikin ruwa, kamar na bakin tafkin Legas da yankin Neja Delta. Kashi na uku shi ne warwatsuwa cikin duhuwa: igiyar ta faɗa cikin rassa da ganyayen da suka nufi kowace fuska, ta yi ta karo da su, kafin ta fito ta riga ta juya, wani ɓangare na abin da aka aika a kwance ya dawo a tsaye. Ke nan idan ma'aunin HV ya yi ƙarfi, alama ce ta tarin rassa, kuma wannan shi ne babban tambarin kurmi.

A al'adance ana ba kowane kashi launi: ja ga bugu biyu, kore ga duhuwa, shuɗi ga fili. Hoton da aka haɗa ta haka daga Legas zuwa gabashin jihar Ogun zai nuna tafkin Legas da duhu, unguwanni masu cunkoso irin su Agege da Mushin da haske mai ja-ja, gonakin rogo da masara da shuɗi-shuɗi, gandun dajin Omo kuma da kore.

Tsawon zango

Mai sauraron rediyo ya san bambancin gajeren zango da matsakaicin zango. A rada ma tsawon zangon shi ke yanke hukuncin abin da za a gani, domin igiya tana karo ne da abin da ya kai girmanta. Zangon X, mai kimanin santimita 3, a kan ganyen sama yake tsayawa. Zangon C, mai kimanin santimita 5 da rabi, yana ɗan shiga cikin ganye da ƙananan rassa. Zangon L, mai kimanin santimita 24, yana ratsa ganye ya kai ga manyan rassa da gangar itace, shi ya sa ya fi dacewa da raba kurmi da gona, domin masara da rogo ba su da abin da zai tare shi sosai. Zangon P, mai kimanin santimita 70, yana kaiwa har gindin manyan itatuwa.

Tauraron ERS-1 na Turai, na 1991, zangon C yake da shi da fuska ɗaya. JERS-1 na Japan, na 1992, zangon L ne shi ma da fuska ɗaya. A 1994 ne kumbon Endeavour na Amurka ya ɗauki na'urar SIR-C sau biyu, wadda ta auna dukkan fuskoki huɗu daga sararin samaniya. Daga nan Japan ta harba ALOS a 2006, wanda ya yi aiki har 2011, sai ALOS-2 a 2014 da ALOS-4 a 2024, dukkansu da zangon L. Da waɗannan hotuna hukumar JAXA ta Japan ke fitar da taswirar duniya mai raba kurmi da abin da ba kurmi ba, inda kowane ɗigo ke wakiltar mita 25. Kanada ta harba RADARSAT-2 a 2007. Turai ta harba Sentinel-1A a watan Afrilun 2014, mai zangon C, wanda ke ɗaukar faɗin kilomita 250 a tafiya ɗaya, kowane tauraro na jerin kuma yana komowa kan wuri bayan kwana 12. A shekarar 2025 an ƙara biyu masu muhimmanci: Biomass na Turai a watan Afrilu, wanda shi ne na farko da ya kai zangon P sararin samaniya, da NISAR na haɗin gwiwar Amurka da Indiya a watan Yuli, mai zangon L da S.

Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne hotunan Sentinel-1 kyauta ne, haka taswirorin JAXA. Tun 2021 shafin Global Forest Watch yake wallafa gargaɗin RADD, wanda Jami'ar Wageningen ta Holan ta ƙirƙiro daga hotunan Sentinel-1, mai nuna inda aka sare kurmi a yankuna masu yawan ruwan sama, a ma'aunin mita 10. Duk wanda ke da intanet yana iya dubawa, ciki har da mai sayen kaya a Amsterdam da jami'in kwastan na can.

Abin da dokar Turai ta tanada

Dokar ta shafi kaya bakwai: shanu, koko, kofi, kwakwar manja, roba, waken soya da katako, tare da abubuwan da ake sarrafawa daga gare su. A rubutunta na 2023 har da ƙirgi da gawayi. Goro da riɗi da citta da zoɓo ba sa ciki. Ranar da aka ɗauka a matsayin iyaka ita ce 31 ga Disamba 2020: kayan da aka noma a filin da aka mayar gona daga kurmi bayan wannan rana ba za su shiga ba. Wajibi ne mai shigar da kaya ya gabatar da lambobin wurin kowace gona, idan kuma gonar ta haura hekta 4 sai an zana kewayenta duka. Tarar da aka tanada tana iya kaiwa kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani na shekara a cikin Tarayyar. An ɗage fara aiki da dokar a ƙarshen 2024, aka sake ɗagewa a ƙarshen 2025 zuwa 30 ga Disamba 2026 ga manyan kamfanoni.

Yawancin kokon Nijeriya Turai yake zuwa, jihar Ondo kuma ita ce kan gaba wajen nomansa. Farashinsa ya haura dala 12,000 kowane tan a kasuwar New York a watan Disambar 2024, abin da ya ƙara wa manoma kwaɗayin buɗe sababbin gonaki. An san cewa gonakin koko sun kutsa cikin gandun daji irin su Omo a Ogun da Oluwa da Akure-Ofosu a Ondo. Buhun da ya fito daga irin wannan wuri, idan ya gauraya da sauran a sito, yana iya jawo a ƙi karɓar kwantena guda.

Inda na'urar ke kuskure

Babbar matsalar ita ce, rada rassa take gani, ba ta san mai gona ba. Bisa ma'anar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda dokar Turai ta bi, kurmi shi ne filin da ya haura rabin hekta, mai itatuwan da suka fi mita 5 tsawo, waɗanda inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin 100 na filin, muddin ba noma ake yi a wurin ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe ba a auna shi daga sama. Tsohuwar gonar koko mai goro da lemo da manyan itatuwan inuwa tana warwatsa igiyar kusan yadda kurmi ke yi, sai taswira ta sa ta cikin kurmi. Ranar da manomin ya sare tsofaffin itatuwa domin dasa sababbi, kamar yadda Cibiyar Binciken Koko ta Ibadan ke ba da shawarar sabunta gonakin da suka tsufa, gargaɗi na iya fitowa cewa an sare kurmi, alhali gonar gado ce. Gonar kwakwar manja ta fi sauƙin ganewa a zangon L, domin ma'aunin HV ɗinta bai kai na kurmi ba, amma gonar roba da dashen itacen katako sun fi wuya.

Akwai wasu kurakuran. Ginin da ya ba tauraron kusurwa maimakon fuska yana juya igiyar kamar yadda rassa ke yi, saboda haka unguwa mai lunguna barkatai tana iya fitowa da kore a tsakiyar birni. Ruwan sama yana jiƙa ƙasa da ganye ya ƙara ƙarfin abin da ke dawowa, sai gonar damina ta yi kama da daji. A wurare masu tsaunuka kamar Idanre da Kuros Riba, gefen da ke kallon tauraron yana yin haske fiye da kima, ɗaya gefen kuma ya faɗa cikin inuwa. Hoton rada da kansa yana da ɗige-ɗige kamar jikin zabuwa, sai an tace shi, tacewar kuma tana haɗiye ƙananan gonaki. Bugu da ƙari, ma'aunin yana cika kamar mudu: idan itatuwa suka kai wani kauri, ƙarin itace ba ya ƙara komai a zangon C, a zangon L ma yana tsayawa a wajen tan 100 na itace a hekta. Wannan gibi ne aka harba Biomass domin cikewa.

Haka kuma saran ɗauki ɗai-ɗai yana da wuyar gani. Itacen madobiya, wanda aka yi ta sarewa a jihohi irin su Taraba da Kogi ana fitar da shi ta Legas zuwa ƙasar Sin har yarjejeniyar CITES ta dakatar da cinikinsa daga Nijeriya a 2018, ana cire shi ne ɗaya nan ɗaya can, daji ya zauna da kamanninsa a hoto. A Arewa kuwa, inda gawo da ɗorawa da kaɗanya ke warwatse cikin gonaki, taswirar da ta raba ƙasa gida biyu kawai ba ta ƙidaya su. Miliyoyin itatuwan da manoman Maradi da Damagaram suka rena a gonakinsu tun daga shekarun 1980 sun daɗe ba su bayyana a taswirorin kurmi na duniya ba.

Saboda waɗannan dalilai masana ba sa yanke hukunci da hoto ɗaya. Suna jera hotunan watanni da yawa, rani da damina, domin gona tana sauya kama tsakanin shuka da girbi, kurmi kuwa yana zama kusan yadda yake. Suna haɗa rada da hotunan hasken rana na ranakun da sama ta washe, sa'an nan su aika ma'aikata su taka wurin da ƙafa, domin gani ya kori ji.

Abin da ya rage ga 'yan kasuwa

Mai sayen koko ko roba ko katako domin fitarwa, da dillalin da ke tara masa kaya, suna bukatar rajistar manoman da suke hulɗa da su, da lambobin wurin kowace gona, waɗanda ake iya ɗauka da wayar hannu. Ya kamata a duba waɗannan wurare a taswirorin kyauta tun kafin a biya kuɗi, a kuma ware kayan da ba a san asalinsu ba daga waɗanda aka sani. Inda taswira ta kira gona kurmi, hujjar da za ta warware ita ce takardar mallaka, da shaidar hukumar gona ta jiha, da tsofaffin rasiɗan sayar da amfani, da hotunan gonar masu kwanan wata. Wanda zai ba manomi bashi ko kuɗin gaba yana da hanyar duba ko gonar tana cikin gandun gwamnati kafin ya saki dukiyarsa.

Fataken goro, duk da cewa dokar ba ta ambaci hajarsu ba, suna da ruwa da tsaki a ciki. Idan manoma suka ga cewa itatuwan inuwa na jawo wa gonarsu zargi, suna iya rage su, goro kuma na cikin waɗanda za su tafi. Idan kuwa aka yi wa gonakin rajista yadda ya kamata, aka tabbatar da cewa gonar koko mai goro gona ce, manomi zai ci gaba da cin kasuwa biyu a fili ɗaya. Ƙwararrun da za su iya wannan aiki suna nan a ƙasar: akwai Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Ƙasa da aka kafa a 1999, da cibiyarta ta nazarin hotunan sama da ke Jos, da cibiyar AFRIGIST ta Ile-Ife, da Cibiyar Binciken Gandun Daji ta Ibadan. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Agege da Shagamu suna iya neman waɗannan hukumomi su auna yankunan da suke sayen kaya, a raba kuɗin aikin tsakanin mambobi, tun kafin wa'adin Disambar 2026 ya cika.